Sunan da ke saman imel ba shaida ba ne: ya kamata manhajojin waya su daina raba layukan da aka haɗa

Duk imel ɗin da ya faɗo cikin waya yana zuwa da wasu layuka a samansa waɗanda yawancin masu waya ba su taɓa gani ba. Abin da manhaja ke nunawa bai wuce sunan wanda ya aiko, da taken saƙon, da lokacin da ya iso ba. A bayan wannan kuwa akwai gomman layuka da ke faɗin daga inda saƙon ya taso, da hanyar da ya biyo, da wanda ya sa masa hannu, da inda amsa za ta tafi idan aka mayar. Masu harkar kwamfuta na kiran su heda, wato layukan kan saƙo.

Waɗannan layuka ba ɗai-ɗai suke aiki ba. Gida-gida suke, kuma gaskiyar saƙo tana cikin yadda 'yan gida ɗaya suka dace da juna. Manhajar da ta zaro layi ɗaya ta nuna, ta ɓoye 'yan uwansa, ta ba mai waya rabin labari ne, kuma a wannan rabin ne 'yan damfara suke cin kasuwarsu.

Maganar ba ta masana kaɗai ba ce. Matashin da ke neman aiki ta intanet, da ɗalibar da ke jiran sakamakon neman tallafin karatu, da mai sayar da kaya a Instagram, duk imel ne makullin gidansu. Ta nan ake canza kalmar sirri, ta nan banki ke aiko da sanarwa, kuma da shi ake buɗe sabuwar wayar Android. Wanda aka yaudara ta imel sau ɗaya zai iya rasa sauran asusunsa gaba ɗaya.

Yadda aka tsara abin tun asali

Ƙa'idar rubuta imel ta daɗe. An fitar da takardar RFC 822 a 1982, aka sabunta ta da RFC 2822 a 2001, sannan RFC 5322 ta zo a 2008. Wannan takarda ta kasa layukan kan saƙo rukuni-rukuni.

Akwai rukunin mai aikawa: From, da Sender, da Reply-To. Akwai na masu karɓa: To, da Cc, da Bcc. Akwai na shaidar saƙo: Message-ID, da In-Reply-To, da References, waɗanda su ne ke ɗaure amsa da saƙon da aka amsa har hira ta zama zare ɗaya. Akwai rukunin sawu: Return-Path da Received. Sannan akwai na sake aikawa, waɗanda duk suke farawa da kalmar Resent.

Rukunin sawu ya fi sauƙin fahimta. Imel ba ya tashi daga wayar mai aikawa ya sauka kai tsaye a wayar mai karɓa. Yana bi ta hannun manyan kwamfutoci masu dakon saƙo, waɗanda ake kira saba. Kowace saba da ta karɓe shi sai ta ƙara nata layin Received a saman na baya, ta rubuta daga wa ta karɓa da kuma lokaci. Saboda haka daga ƙasa ake karanta su zuwa sama.

A ɗauka buhun kaya ne ya taso daga Kano za shi Legas, kuma kowace tasha da ya yada zango tana buga tambari a takardar rakiyarsa. Tambari ɗaya ba ya nuna komai. Jerinsu ne ke nuna hanya. Idan wani ya hargitsa su, sai takarda ta nuna kaya ya isa Ibadan kafin ya bar Kaduna. Shi ya sa RFC 5322 ta hana a sauya jerin layukan sawu da na sake aikawa, ta kuma ce a bar su dunƙule-dunƙule a saman saƙo. Matsayin layi a cikin jerin wani ɓangare ne na ma'anarsa.

Gidan mai aikawa, inda damfara ta fi shiga

Layin From kashi biyu ne: suna da adireshi. Sunan rubutu ne kawai da mai aikawa ke sa abin da ya ga dama. Kowa zai iya rubuta sunan banki, ko na jami'a, ko na shugaban kamfani a wurin, babu mai hana shi. Amma wannan sunan ne manhajojin waya ke nunawa da manyan haruffa, adireshin kuma sai an taɓa ƙaramar alama kafin ya fito.

Reply-To kuwa shi ne ke yanke inda amsa za ta je. Yana da amfaninsa na halak: kamfani zai iya aika sanarwa daga adireshin da ba a duba shi, ya ce a mayar da amsa ga sashen kula da abokan ciniki. Amma ɗan damfara ma haka yake yi. Saƙo ya zo kamar daga ofishin ɗaukar ma'aikata, mai neman aiki ya danna amsa, ya haɗa da hoton katin shaidarsa da lambar asusunsa, saƙon ya tafi wani akwati dabam da bai taɓa gani ba. Da an ajiye From da Reply-To kusa da juna a gaban idonsa, da saɓanin ya fito fili. Kama da wane ba wane ba ne.

Wani zai ce ai akwai matakan tantancewa da aka ƙirƙira don wannan matsala. Akwai su, amma su ma sun tabbatar da maganar rukuni ne.

Na farko shi ne SPF. Yana duba ko sabar da ta kawo saƙo tana da izinin aikawa da sunan wani domen, wato ɓangaren adireshi da ke bayan alamar @. Sai dai domen ɗin da yake dubawa shi ne wanda ke fitowa a Return-Path, ba na From da mutum ke gani ba. Na biyu shi ne DKIM, sa hannu ne na lissafi da ake manna wa saƙo, amma yana tabbatar da domen ɗin da ya sa hannun ne kawai, wanda zai iya zama kowane domen a duniya. Ɗan damfara zai iya sayen nasa domen, ya ci jarrabawar SPF da DKIM duka da makinsa cikakke, alhali a From ya rubuta wani abu dabam.

Wannan giɓi ne ya haifar da DMARC, wanda aka wallafa a RFC 7489 a 2015. Aikinsa tambaya ɗaya ce: shin domen ɗin da ke From ya yi daidai da wanda SPF ya tabbatar, ko da wanda DKIM ya tabbatar? Wato DMARC bai kawo sabon layin da za a dogara da shi ba, kwatanta layuka da junansu yake yi. Duk da haka ba ya duba sunan da aka rubuta, kuma ba ya duba Reply-To. Waɗannan biyun an bar wa idon mai karatu, shi kuma manhaja ta rufe masa ido ɗaya.

Asarar ba ƙarama ba ce. Cibiyar karɓar koke-koken laifukan intanet ta hukumar FBI a Amurka ta ce a 2023 kaɗai, damfarar da ake yi wa kamfanoni da mutane ta hanyar imel na kasuwanci ta ci fiye da dala biliyan 2.9, kuma wannan abin da aka kai mata rahoto ne kawai.

Idan layi ɗaya ya zo sau biyu

Ƙa'ida ta ce saƙo ya zo da layin From guda ɗaya tak. To, me zai faru idan wani ya aiko da biyu? A nan ne rashin kula da rukuni ke zama ɓaraka ta gaske.

Idan layi mai suna ɗaya ya maimaitu, DKIM daga ƙasa yake fara ɗauka. Manhajoji da yawa kuwa na sama suke nunawa. Ke nan mugu zai iya samun saƙon gaskiya mai ingantaccen sa hannu, ya ɗora wani From na ƙarya a samansa. Mai tantancewa ya duba na ƙasa ya ce lafiya lau, manhaja ta nuna wa mutum na sama. Kowannensu ya yi aikinsa, amma ba abu ɗaya suke kallo ba. Takardar DKIM ta 2011, wato RFC 6376, da kanta ta yi gargaɗi a kan wannan dabara.

A 2020 wasu masu bincike uku, Jianjun Chen da Vern Paxson da Jian Jiang, suka gabatar da aikinsu a taron tsaro na USENIX. Sun bayyana dabaru 18 na irin wannan yaudara, suka gwada su a kan kamfanonin imel 10 da manhajojin karanta imel 19, kuma babu wanda ya tsira daga dukkansu. Abin da suka gano shi ne ba lissafin sa hannun ne ya karye ba. Ɓangarorin tsarin ne ba su yarda da juna a kan wane layi ake magana ba.

Haka abin yake ga layin Authentication-Results, inda saba mai karɓa ke rubuta sakamakon binciken da ta yi. Kowa zai iya rubuta irin wannan layi ya cusa cikin saƙo tun kafin ya aiko, ya ce an duba an ga komai daidai. Wanda ake yarda da shi shi ne wanda sabar mai karɓa ta ɗora da kanta a sama. Layukan Received na can ƙasa ma ana iya ƙirƙirarsu. Manhajar da ta ɗauki duk wanda ta fara cin karo da shi, ba tare da duba matsayinsa ba, ta karɓi shaidar ɓarawo a kan kansa.

ARC: an rubuta rukunin cikin doka

Akwai wata matsala da ɗalibai da ma'aikata suka sani ko da ba su san sunanta ba. Mutum ya saita adireshin makaranta ko na ofis ya riƙa tura masa saƙonni zuwa akwatinsa na Gmail. Da zarar saƙo ya bi ta saba ta tsakiya, SPF na iya faɗuwa, domin ba sabar asali ce ta kawo shi ba. Idan kuma ta tsakiyar ta ƙara wani rubutu a ƙasan saƙon, sa hannun DKIM ya lalace. Sai saƙon gaskiya ya ƙare a kwandon shara.

Maganin da aka fito da shi shi ne ARC, wanda aka wallafa a RFC 8617 a 2019. Kowace saba ta tsakiya tana ƙara layuka uku tare: ARC-Authentication-Results, mai faɗin abin da ta gani lokacin da saƙon ya iso mata, ARC-Message-Signature, sa hannunta a kan saƙon, da ARC-Seal, hatimin da ke ɗaure nata rukunin da duk waɗanda suka gabace shi. Ukun suna ɗauke da lamba ɗaya. Saba ta farko ta sa i=1, ta biyu i=2, har zuwa iyakar 50.

Dokar a nan ba ta da sassauci. Idan ɗaya daga cikin ukun ya ɓace, ko ya zo sau biyu, ko aka tsallake lamba, sarƙar gaba ɗaya ta faɗi. Tsintsiya ce, maɗaurinta ɗaya.

Har maɓallin daina karɓar saƙonnin talla haka yake. Layuka biyu ne ke tafiya tare, List-Unsubscribe da List-Unsubscribe-Post, kuma RFC 8058 ta 2017 ta ce dole sa hannun DKIM ya rufe su duka biyun. Tun daga 2024, Gmail ya wajabta wa masu aiko masa da saƙonni 5,000 ko fiye a rana su kafa SPF da DKIM da DMARC, su kuma ba da damar fita daga jerin tallarsu da dannawa ɗaya. Yahoo ma ya kafa irin wannan sharaɗi a lokaci guda.

Inda masu rubuta manhaja ke tuntuɓe

Matasa da yawa yanzu suna koyon rubuta manhaja, kuma aikin karanta imel na cikin abubuwan da ake yawan ba sabon shiga: a ciro rasit daga akwati, a tace saƙonnin abokan ciniki, a haɗa su da tsarin kamfani. Tarkon yana nan ne: kayan aikin da ake amfani da su suna sa mutum ya ɗauki layukan kan saƙo kamar ƙamus, kowane suna da ma'anarsa ɗaya.

A harshen Python, idan aka nemi layin Received ta hanyar da aka saba neman abu a ƙamus, guda ɗaya ne zai dawo, kuma bayanin harshen ya ce ba a yi alkawarin wanne ne ba. Sai an yi amfani da get_all kafin a samu duka. Idan kuma aka ba da umarnin goge layin, dukkan masu wannan suna ne za su tafi. A harshen Go, kayan net/mail suna zuba layukan cikin taswira bisa sunayensu. Masu suna ɗaya suna nan a jere, amma jerin da ke tsakanin masu suna dabam-dabam ya ɓace.

Ga illar hakan. A ce an sake aika saƙo sau biyu, dunƙule na farko yana da Resent-Cc, na biyu ba shi da shi. Bayan an zuba su cikin taswira, za a ga Resent-From biyu, da Resent-Date biyu, da Resent-Cc ɗaya, kuma babu yadda za a san na wane dunƙule ne. Bayanin yana cikin jerin, jerin kuma an zubar.

Mai rubuta manhajar da ya san abin da yake yi zai ajiye layukan yadda suka zo, ya gina rukunoni a kansu, ya riƙa ƙarawa ko cirewa dunƙule guda ba layi guda ba. Idan kuma saƙo ya zo da From biyu, ba zaɓen ɗaya zai yi ba, zai ɗauke shi a matsayin abin zargi.

Hujjar masu cewa a bar shi haka

Masu ƙera manhajoji suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Fuskar waya ƙarama ce. Yawancin mutane ba za su gane layukan ba ko an nuna musu. Matatun kamfanonin imel suna tare mafi yawan saƙonnin ƙarya tun kafin su iso. Kuma gargaɗi idan ya yi yawa, mutane kan daina karanta shi.

Duk wannan gaskiya ne. Amma babu wanda ya ce a juye wa mai waya tarin rubutun da ba ya ganewa. Abin da ake nema shi ne manhaja ta yi kwatancen da kanta, ta faɗi sakamakon da harshen da kowa zai gane. Saƙonnin da suka fi haɗari kuma su ne ainihin waɗanda suka tsallake matata, waɗanda aka tsara domin mutum ɗaya.

Taƙaita komai zuwa alama ɗaya ma ba mafita ba ce. A watan Mayun 2023 Gmail ya fara sa shuɗiyar alamar tantancewa kusa da sunan wasu kamfanoni. Ba a daɗe ba wani mai binciken tsaro ya nuna saƙon bogi da ya zo da alamar har da tambarin kamfanin UPS, abin da ya sa Google ya ƙara sharaɗin cewa sai da sa hannun DKIM kafin a samu alamar. Alama ɗaya, komai kyanta, ta dogara ne da layukan da ke ƙarƙashinta.

Abubuwa uku da ya kamata su zama dole

Na farko, adireshin mai aikawa ya fito tare da sunansa a fuskar farko, musamman idan wannan ne karon farko da ya aiko da saƙo.

Na biyu, idan domen ɗin Reply-To ya bambanta da na From, manhaja ta faɗa a lokacin da aka danna amsa, kafin a fara rubutu: amsarka ba za ta koma inda saƙon ya fito ba, ga inda za ta je.

Na uku, a samar da shafi ɗaya mai amsa tambayoyi uku a jere: wa ya ce shi ne ya aiko, wa ya sa hannu, wace hanya saƙon ya biyo. Mai son ganin asalin layukan kuma a ba shi dama daga cikin wayar. A Gmail, zaɓin Show original yana shafin kwamfuta ne, mai waya sai ya buɗe burauza ya nemi a nuna masa shafin kwamfuta kafin ya kai gare shi. A ƙasashen da waya ce kaɗai kwamfutar mafi yawan matasa, irin su Najeriya da Nijar, wannan ba ƙaramin cikas ba ne.

Kafin a gyara

Mai waya ba sai ya naɗe hannu ba. Duk saƙon da ya nemi kuɗi, ko kalmar sirri, ko takardun shaida, ya cancanci daƙiƙa goma na bincike. A taɓa ƙaramar alamar da ke ƙarƙashin sunan mai aikawa domin cikakken adireshi ya fito. A karanta abin da ke bayan alamar @ harafi bayan harafi. A duba ko akwai Reply-To, a kwatanta shi da From. A manhajar Gmail, a buɗe bayanan tsaro a ga wane domen ne ya aiko, wane ne ya sa hannu. Idan an danna amsa, a sake kallon adireshin da ya cika kansa kafin a tura. Saƙon da takensa ya fara da Re ba lallai ne amsa ce ga wani abu da aka taɓa aikawa ba, domin wannan ma da hannu ake iya rubuta shi.

Idan layukan suka saɓa wa juna, ba dole ne a ce damfara ce ba, amma dalili ne isasshe na ajiye saƙon a kira wanda ake zaton ya aiko ta lambar da aka riga aka sani, ba wadda ke cikin saƙon ba. Rigakafi ya fi magani.

Amma nauyin ba na mai waya ba ne shi kaɗai. Bayanan da za su kare shi suna cikin saƙon tun lokacin da ya iso, a jere, kowanne kusa da ɗan uwansa. Manhaja ce ta raba su. Ita ce kuma ya kamata ta mayar da su wuri ɗaya.